Hunturu Ya Kankama: Ɗumin Da Kake Nema Yana Cikin Jikinka

Na san wasu suna saurarena daga cikin bargo, wasu kuma tun jiya suke shawara da bokitin wanka, har yanzu ba a cimma matsaya ba. To sannunku.

Yau da labari zan fara, kuma a gidanmu abin ya faru. Bara warhaka, ƙanina da abokinsa suna kwana a shagon ƙofar gida. Daren nan an yi muku-mukun sanyi. Sai suka ɗebo garwashi a kasko suka shiga da shi, suka toshe taga da tsumma, suka ja ƙofa. Da asuba mahaifinmu ya buga musu ƙofa su tashi sallah, shiru. Ya sake bugawa, shiru. Da aka ɓalle ƙofar, ƙanin nawa yana ta amai, ƙafarsa ba ta ɗaukarsa, abokin kuwa ko motsi ba ya yi. Allah Ya sa da sauran kwana, aka garzaya da su asibiti, aka sa musu iskar oksijin, suka farfaɗo. Da na tambaye shi daga baya, ce mini ya yi: "Yaya, wallahi ba mu ji warin komai ba. Ni dai na ji kaina yana sarawa, na ce bari in ƙara kwanciya."

Wannan maganar tasa ita ta fi ba ni tsoro. Gawayi idan yana ci a wurin da iska ba ta shiga, yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau sama da 200, sai ta hana jinin kai oksijin ƙwaƙwalwa. Mutum zai ji ciwon kai, jiri, kasala, barci ya ɗauke shi, wani daga nan sai dai labari. Janareta a cikin ɗaki ko a soro rufe, shi ma haka yake yi. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Shi ya sa na ce yau mu tattauna yadda za mu samu ɗumi ba tare da mun kwana da kasko ba.

Na san wanda ke karatu a Rasha ko Kanada zai yi dariya, ya ce wannan ne sanyi? A Kano, cikin Disamba da Janairu, dare yakan sauko wajen digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, a Jos kuma yakan yi ƙasa da haka. Gaskiya ba ƙanƙara ba ce. Amma ku duba gidajenmu: don zafi aka gina su. Rufin kwano, daɓen siminti, taga ba ta rufuwa da kyau. Ga busasshiyar iskar nan da ke kaɗowa daga Sahara da ƙurarta, tana zuƙe danshin fata da na hanci. Ga shi da yawanmu ba mu da kayan sanyi na kirki. Saboda haka sanyin namu yana shiga jiki.

Jikin ɗan Adam yana riƙe zafinsa wajen digiri 37. Da sanyi ya taɓa ka, abin farko da jiki ke yi shi ne tsuke ƙananan jijiyoyin jini na fata, ya janye jini zuwa ciki don ya kare zuciya da sauran kayan ciki. Shi ya sa yatsu da tafin ƙafa suke fara yin sanyi. Idan hakan bai isa ba, sai rawar ɗari ta biyo baya, wato tsokoki na karkarwa don su samar da zafi. Kun ga ke nan jikinka murhu ne da kansa. Bargo ba ya ƙirƙirar zafi, tare wanda jikinka ya samar yake yi. To wannan murhun abu uku za mu duba a kansa: itacen da ake sa masa, yadda ake iza shi, da iskar da yake shaƙa.

Na farko, abinci. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk wanda ya taɓa kwana da yunwa a hunturu ya san bargo biyu ma ba sa isar sa. Narkar da abinci kansa aiki ne da ke fitar da zafi, kuma abinci mai furotin ya fi kowane yin haka. Wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi, nama, awara. Ba sai kana da kuɗin kaza ba. Koko da ƙosai da safe, alale, shinkafa da wake, kunun gyaɗa mai kauri, duk sun shiga. Ɗumamen tuwo da miyar kuka da ɗan man shanu, wanda wasunmu ke rainawa saboda burodi, ya fi riƙe ciki har azahar. Samarin da ke fita da sassafe a kan babur ko a adaidaita ba tare da sun sa komai a ciki ba, kuna wahalar da kanku ne.

Akwai kuma maganar jini. Idan kullum kai ne mai jin sanyi fiye da kowa, ga gajiya, ga jiri, ga tafin hannu ya yi fari, wataƙila ƙarancin jini ne, kuma yawanci daga ƙarancin sinadarin ayon yake. 'Yan'uwa mata, wannan ya fi shafar ku saboda al'ada da juna biyu. Hanta, jan nama, wake, zogale da alayyahu suna taimakawa. A haɗa da lemu ko tumatir, jiki zai fi ɗaukar ayon ɗin. Shayi kuwa, musamman mai kauri, yana rage ɗaukarsa idan aka sha tare da abinci, don haka a ɗan ba da tazara. In abin ya ci gaba, a je a auna jini.

Citta, kanumfari da masoro a shayi ko a kunu suna da daɗi, suna ɗumama ciki da maƙogwaro, a sha. Amma barkono yana da wayo. Yana ruɗin jijiyoyin baki ne su ji kamar wuta, sai jiki ya fara gumi. Ka sha farfesu mai yaji, ka jiƙe da zufa, ka fito iska ta buge ka, sanyin da za ka ji sai ya fi na da. Sannan ruwa. A hunturu ba a jin ƙishirwa sosai, alhali busasshiyar iska tana ta ɗibar ruwan jiki. Kada ka jira ƙishi, ka sha, ko mai ɗumi ne.

Bari in faɗi wata gaskiya, tunda tsakaninmu ne. Akwai masu cewa sigari ko giya na kore sanyi. Sigari ƙara tsuke jijiyoyin jini take yi, yatsu su ƙara sanyi. Giya kuwa buɗe jijiyoyin fata take yi, mutum ya ji ɗumi a sama alhali zafin cikinsa yana zurarewa. Ɗumin ƙarya ne.

Na biyu, motsa jiki. Tsoka idan tana aiki, kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da take ƙonawa zafi yake zama. Shi ya sa mai faskare da mai turin kura suke tuɓe riga a safiyar da kai kake ƙudundune. Ba sai ka je gidan motsa jiki ba. Kafin ka sauko daga shimfiɗa, ka motsa yatsun ƙafa, ka dunƙule hannu ka saki kamar sau 20. Da ka tashi, ka tsuguna ka miƙe sau 15, ka yi tafiya a tsaye kana ɗaga gwiwa na minti biyu, ka juya kafaɗu. Mai igiya ya yi tsalle. Minti biyar ya isa ka ji bambanci, kuma shi ne maganin rigimarka da bokitin wanka: ka motsa tukuna, sannan ka shiga. Shara, ɗiban ruwa, daka, tafiya masallaci da ɗan sauri, duk motsa jiki ne.

Ka kiyaye abu biyu. Kada ka yi gumi ka zauna da jiƙaƙƙiyar riga, domin rigar da ta jiƙe tana janye zafin jiki da sauri. Ka canza ta nan take. Sannan ranar da hazo ya yi kauri, masu asma su yi nasu motsin a cikin ɗaki. Masu hawan jini kuma su fara a hankali, domin sanyi kansa yana ɗan ɗaga jini.

Na uku, numfashi. A nan ne intanet ta cika da bidiyo. Kun ga wani Bature ɗan ƙasar Holan, Wim Hof, mai zama cikin ƙanƙara. Kafin shi, sufayen addinin Buddha na Tibet sun daɗe da wata hanya da suke kira tummo, haɗin numfashi da tattara hankali. A 1982 wani likitan jami'ar Harvard, Herbert Benson, ya wallafa abin da ya auna a jikin wasu daga cikinsu: zafin yatsun hannu da na ƙafa ya ƙaru har da digiri 8. Abin gaskiya ne, amma mutanen nan shekaru suka yi suna horo. Kada ka kalli bidiyon minti uku ka ce ka zama gwani. Salon nan na jan numfashi da sauri-sauri sannan a riƙe yana iya sa mutum ya suma. Kada a yi shi a cikin ruwa, ko ana tuƙi, ko a tsaye. Mai juna biyu, mai farfaɗiya da mai ciwon zuciya su bar shi gaba ɗaya.

Abin da zai amfane mu mai sauƙi ne. Ka riƙa numfashi ta hanci. Hanci yana ɗumama iska, ya ba ta danshi, ya tace ƙura kafin ta kai huhu. Baki ba ya yin wannan aikin kamar hanci. Idan za ka fita da sassafe, ka sa takunkumi ko ka ja rawani ko mayafi ka rufe hanci, ɗumin numfashinka zai taru a ciki. Idan ka kwanta, ka ɗora hannu a ciki, ka ja numfashi a hankali kana ƙirga huɗu har cikin ya taso, ka sake shi kana ƙirga shida, kamar sau goma. Mutum in ya ɗaure jiki ko hankalinsa ya tashi, jijiyoyin hannu da ƙafa suna ƙara tsukewa. In ya natsu sai su saki, jini ya koma. Ba zai maye gurbin bargo ba, amma yana taimakawa barci ya zo.

To ka samar da zafin, saura ka tare shi. Riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, saboda iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi. A sa safa da hula. Kada a kwanta a kan siminti da tabarma kaɗai, ƙasa tana shan zafin jiki. Ko kwali ne a shimfiɗa a ƙasa. A shafa man kaɗanya ko basilin bayan wanka saboda kaushi da faso. In dole sai an ji ɗumin wuta, a ji shi a tsakar gida, a kashe kafin a kwanta.

Sai mu waiwayi waɗanda murhunsu bai kai namu ƙarfi ba. Jarirai suna saurin rasa zafi, a sa musu hula, a rungume su a jiki, a rage musu wankan sassafe. Tsofaffi ba sa saurin gane sanyi ya kama su. Idan ka ga Kaka ko Baba yana magana a ruɗe, yana ta gyangyaɗi, jikinsa ya yi sanyi ƙalau, a lulluɓe shi a kai shi asibiti; zafin jiki in ya yi ƙasa da digiri 35 hatsari ne. Masu sikila kuma, sanyi da ƙarancin ruwa suna tayar musu da ciwo, a kula da su sosai.

Sannan rigar sanyin nan da ta yi maka kaɗan, da bargon da ke ninke a saman sif, akwai almajiri ko mai gadi a layinku da ke kwana a waje. A yau za ka iya miƙa masa.

Aikin gida na wannan makon: gobe da safe ka gwada motsin minti biyar kafin wanka, ka karya da abu mai riƙe ciki, ka dawo ka faɗa mana yadda ka ji. Kuma duk wanda ka sani yana shiga ɗaki da kasko, ka tura masa labarin ƙanina tun kafin dare ya yi. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa mu ga bayan hunturun nan lami lafiya. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.