An ce kyauta ne, to mi ya sa aka karɓi kuɗinki?

Iyayena mata da ke zaune can baya, barkanku da zuwa. Ƴan uwana matasa, sannunku da haƙurin zafi.

An ce in yi magana kan rigimar kuɗin magani. A Amurka, in aka tada wannan zance, to kamfanin inshora ne ya ƙi biya wa mutum kuɗin asibiti. Mu nan Madarunfa, mutum nawa ke da inshora? In ka cire ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyi, sauran mutane inshorarsu ita ce akuyar da ke ɗaure bayan ɗaki. Amma muna da abin da ya yi kama da ita, wato gratuité, maganin kyauta. Kuma shi ma akan ƙi biyan kuɗinsa.

Mu tuna abin da doka ta ce. Zamanin Tandja Mamadu, a 2005, aka mayar da tiyatar haihuwa kyauta. A 2006 aka ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki, da tazarar haihuwa. Sai a watan Agustan 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita, da gwaje-gwaje, da kwanciya a asibitocinta, daga 1 ga Satumba. Ta ce haihuwa ma kyauta, ta kuma soke jika 150 da ake karɓa hannun masu wankin ƙoda. Wannan ba alherin kowa ba ne, haƙƙinku ne a rubuce.

To ina gizo ke saƙar? Kyauta ba ta nufin ba a biya. Gwamnati ce ta ce ita za ta biya a madadinki. CSI ta duba yaro, ta ba shi magani, ta rubuta faktir, ta tura wa gunduma, daga nan takarda ta kama hanyar Yamai. Sai jira. Wata da watanni, wani lokaci shekaru. Wata faktir ɗin ma a maido ta, a ce an cike ta ba daidai ba. Alhali tun tsarin Bamako na 1987, da kuɗin da ke shigowa ne likita ke sake sayen magani. In kuɗin ba su dawo ba, kanta ta bushe. Shi ke nan, uwa ta zo da yaro jiki zafi rau a tsakiyar damina, a miƙa mata ordonansi a ce je ki saya a waje. Bashin da aka ƙi biya can sama, a bakin zanenta aka kwance shi.

Shi ya sa nake roƙonku, kafin ku ɗaga murya, ku bambanta abu biyu.

Na farko, an ce maganin ya ƙare. Sau da yawa gaskiya ne, kuma zagin malamar da ta kwana tana aiki ba zai cika kantar ba. Amma kar ku tafi haka nan. A rubuta a karnen yaro cewa babu shi, da kwanan wata. Ku ajiye ordonansin da resin faramasi.

Na biyu, an ce kawo kuɗi, hannu da hannu, ba takarda. Wannan kam wata magana ce daban. Wata maƙwabciyarmu ta kai ɗanta mai shekara uku wata likita, ba zan faɗi wacce ba. Aka ce jika biyu. Ta kwance bakin zane, ta ce: “To ɗana, ba ni resi, maigida zai tambaye ni.” Nan take jika biyu suka koma “bar shi kawai, Hajiya”. Ba ta yi faɗa da kowa ba. Kuɗin da ke kan ƙa'ida ba ya gudun resi.

In ciwon ya yi tsanani, ku biya a duba yaro tukuna. Rai ba ya jiran gardama. Amma ku riƙe rana da lokaci, da adadin kuɗin, da abin da aka ce na mene ne. Ku nemi a nuna muku jerin farashi, ku tambaya: wannan kafin ragin 2024 ne ko bayansa? Kashegari ku koma ku biyu ko uku wajen majo, shugaban CSI ɗin. In bai saurare ku ba, akwai COGES, kwamitin da mutanen gari ke ciki don sa ido kan kuɗin likita. (Ɗaga hannu, wa ya san sunan shugaban COGES na unguwarsu? Kun gani ko?) In nan ma shiru, a rubuta takarda zuwa ga babban likitan gunduma, a yi kwafi biyu, a buga muku hatimi a kan taku. Gaba da shi akwai hukumar lafiya ta jiha a Maradi.

Na san abin da iyayenmu ke tsoro: in na yi magana yau, gobe wa zai duba mini yaro? Tsoron nan ba na banza ba ne, a ƙauye likita ɗaya ce. Nan ne aikinmu yake, mu da muka yi lakkol. Kai da ke karanta Faransanci, raka gwaggonka. Sunanka ya hau takardar, ba nata ba.

Kuma kar mu ruɗe da ganin MSF na taimaka wa sashen yara a nan Madarunfa da Ɗan Isa. Ƙungiya baƙuwa ce, tsarinta na iya canzawa. Alkawarin 2006 gwamnati ce ta ɗauka.

Don haka ga abin da nake so mu yi kafin damina ta kankama. Kowane rukuni ya ɗauki CSI ɗaya, ya halarci taron COGES, ya yi tambaya biyu cikin ladabi: faktir ta wata nawa ce ba a biya ku ba, kuma wane maganin yara ne ya ƙare? Ku rubuta amsar a kaye. In mun haɗa na Gabi, da Safo, da Ɗan Isa, da Jiratawa, mu kai wa babban likitan gunduma da kanmu, mu nemi ranar da za mu dawo jin amsa.

Mai tambaya ya matso kusa, lasifikar ba ta kai baya.