Tocila da Dutsenta: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

 

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata da suke kan ɗawainiyar wannan taro tun asuba, 'yan'uwana fataken hanyar Galabat da na cikin garin Gadarif.

Da na faɗa wa kwamiti cewa a kan tocila zan yi magana, wani dattijonmu ya dube ni ya ce, "Alhaji, duk wahalhalun kan iyaka ka rasa na ɗauka sai tocila?" Na ce masa, Baba, maganar kwastan da canjin kuɗi akwai waɗanda suka fi ni sani, kuma sun yi ta ɗazu. Ni abin da na sani shi ne kayan wuta, da shi nake ciyar da iyali, kuma a kansa na taɓa jin kunyar da har yau ban manta ba.

Kowa a nan ya san yadda wuta ta koma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Ga madatsar ruwan Atbara da Sitit nan kusa da mu, mai ƙarfin megawat 320, amma a watan Janairun 2025 da jirgi marar matuƙi ya kai hari tashar wuta ta Shuwak, mu da mutanen Kasala duk cikin duhu muka kwana. A irin wannan dare da yawanmu fitilar waya muke kunnawa. To yanzu wayar nan ita ce aljihunka, cikinta Bankak yake. Ka haska hanya da ita awa biyu, da safe ka zo biyan kuɗin mota ta mutu. Shi ya sa nake cewa tocila ta zama kayan aikin falke, kamar sikeli da igiya.

Bari in fara da suna, domin yakan rikita ciniki. 'Yan'uwanmu da ke zuwa daga Kano da Maraɗi suna cewa tocila da batir. Mu nan mun bi bakin Larabawa, fitilar muke kira baɗɗariya, abin da ake sa mata kuma hajar, wato dutse. Ka tsallaka gada zuwa Matamma, Habashawa ma a harshensu dutsen batir suke ce masa. Ina ganin masu cewa dutse sun fi mu gane al'amarin, domin abu ne da ake aunawa a hannu. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kunyar da na ambata ga yadda take. Ana dab da yankan riɗi na sari katan biyu na tocila mai caji a wurin wani babban dillali, ba zan faɗi sunansa ba. Tocila ce mai kyaun gani, baƙa, da kan da ake ja haske ya matse. A jikin dutsen an rubuta 9900mAh. Na ba wani manomi bashin guda talatin don ma'aikatansa na kambo, a kan ya biya bayan ya sayar. Kun san aikin riɗi ba ya jira, idan ya nuna aka bar shi sai ya fashe ya zube, don haka har dare ake yi, ga ƙasar nan tamu baƙa da take tsagewa, kunama da maciji suna fakewa ciki. Ba a yi kwana goma ba mutumin ya dawo mini da su a buhu. Ya ce kowace ba ta kai rabin awa take dushewa, kuma kunama ta harbi wani yaro a hanyar komawa bukka da matacciyar tocila a hannunsa. Allah ya sa yaron ya warke. Bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Alhaji, na ɗauka ka san kayanka." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Daga nan na zauna na koyi abin da ya kamata in sani tun farko: tocilar mai caji dutsenta ake saye. Ƙwan fitila na zamani, wanda ake kira LED, yakan daɗe ƙwarai. Abin da ke mutuwa shi ne dutse, sai makunni. Saboda haka tambayar farko ga mai kaya ita ce: wane dutse ne a ciki, kuma ana iya buɗewa a fitar da shi?

Wadda ta fi yawa a kasuwarmu ita ce ta roba mai haƙora biyu da ake turowa a soka a bango. Ita ce mafi araha, kuma araha ba ta ado. A cikinta akwai ɗan ƙaramin batirin darma mai ruwan asid, ƙanen na mota, 4V. Irin wannan yana son a cika shi awanni da yawa a jere, kuma ba ya yafe a bar shi a mace. Mu da wuta ke zuwa mana awa biyu ta tafi, yaushe zai cika? Yau rabi, gobe rabi, kafin damina ta fita ya daina riƙewa. Akasarinsu ba su da abin da ke yanke caji idan sun cika, kuma idan aka kunna su suna soke a bango ƙwan na iya ƙonewa nan take. Ku masu sarinta ku lura da wani abu: tana mutuwa a cikin kwalinta. Katan ɗin da ya yi watanni a sito a Bur Sudan, ya yi wasu a shagonka, rabinsa gawa ne. Ban ce kada a sayar ba, akwai mai buƙatar da kuɗinsa iyakarsa ke nan. Amma a gaya masa ta gida ce, ba ta tafiya ba.

Wadda nake ba falke shawara ita ce mai dutsen litiyam guda ɗaya da ake kira 18650. Lambar ba sihiri ba ce, awo ne: kaurinsa milimita 18, tsawonsa milimita 65. Ana rubuta masa 3.7V, idan ya cika yana kai 4.2V. Amfaninsa shi ne yana karɓar caji kaɗan-kaɗan ba ya fushi, ana cika shi da igiyar waya daga ƙaramin faifan sola ko daga mota, kuma idan ya tsufa ka kwance gindin tocila ka sa wani. Ka samu mai bakin caji irin na wayoyin yanzu, Type-C, domin igiya ɗaya ta ishe ka tafiya.

Sai dai a nan ne ha'incin ya fi yawa, don haka ku saurare ni da kyau. Manyan kamfanonin da suke ƙera wannan dutse na gaske, irin su Samsung da LG da Panasonic, mafi girman abin da suke iya cusawa a wannan awo yana wajen 3500mAh. Su ne masu masana'antar, nan suka tsaya. To wanda ya rubuta 6800 ko 9900 a jikin nasa, daga ina ya samo sauran? Tamkar mutum ne ya kawo maka buhun da ka san cikinsa, ya rantse maka ya zuba buhu uku a ciki. Idan ka ga lamba ta haura 3600 a dutsen 18650, ajiye shi. Wanda aka rubuta wa 2200 ko 2600 ya fi kusa da gaskiya, kuma ya ishe ka.

Gwaji na farko sikeli ne. Dutse na gaske nauyinsa yana wajen giram 45. Mu mutanen kasuwar amfanin gona ba za mu manta wannan lamba ba, tunda kantar ɗin riɗi kusan kilo 45 ne. Kashi ɗaya cikin dubu na kantar ke nan. Waɗanda aka dawo mini da su na kai su sikelin mai sayar da zinariya, ko ɗaya bai kai giram 30 ba. Na fasa guda, sai ga wani ɗan ƙaramin abu a ciki, sauran fili ne. Amma kada ku gwada fasawa, ni ma wauta na yi, yana iya kamawa da wuta a hannunka. Kuma sikeli shi kaɗai ba ya isa, domin akwai masu cika cikin da gari don ya yi nauyi.

Gwaji na biyu agogo ne, shi ba a yi masa wayo. Ka kunna tocila har ta dushe, sannan ka sa ta a caji. Caja mai ba da 1A tana buƙatar awa uku ko fiye kafin ta cika dutsen 3000mAh. Idan naka ya nuna kore cikin minti talatin ko arba'in, kada ka yi murna wai yana da saurin cika. Ƙaramar tulu ce. Mai sari ya sayi guda ɗaya ya kwana da ita a gida kafin ya ɗauki katan. Dillalin da ya hana ka wannan ya riga ya ba ka amsa.

Akwai kuma duwatsun da ake cirowa daga tsofaffin batiran kwamfuta. Za ka gane su da tabon walda a kai da gindi, ko da an sake musu riga. Ra'ayina, tsohon na gaske da aka gwada ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba, ni kaina da shi nake amfani a shago. Sharaɗi dai a sayar da shi da sunan tsoho, da kuɗin tsoho.

Kafin ka sayi na ajiya, ka tafi da tocilar ka gwada. Wani dutsen kansa a shafe yake, wani yana da ɗan tudu, wani kuma an ƙara masa abin kariya a gindi ya ɗan fi tsawo. Ba kowanne ke shiga kowace tocila ba.

Maganar haske ba zan daɗe a kanta ba. Ana auna shi da lumen. Tsohon ƙwan ɗaki mai wat 60 yana ba da wajen 800. Kwalin da ya ce tocilar aljihu tana ba da 100,000, ku yi masa dariya ku wuce. A ganina 100 ya isa tafiya da ƙirga buhuna, 300 ya isa duba ƙarƙashin mota. Abin nema shi ne mai matakin haske ƙasa-ƙasa, domin shi ke kai ka asuba. Kuma hasken da ya cika shuɗi yana ɓata launi: farin riɗi da mai ɗan ja sai su zo maka ɗaya, don haka kada a yanke farashi a kansa. Ga masu lodi da direbobi, ta goshi ta fi, hannu biyu suna aiki. Wanda mota ta taɓa kafe masa a laka wajen Doka cikin damina ya san abin da nake nufi. Ku duba kuma akwai zoben roba a bakin murfi, shi ke hana ruwa shiga.

Wani abu a gefe. Akwai masu walƙiya kamar ta 'yan sanda, har da masu bakin da ke jan mutum da wuta. A wannan zamani na shingaye ban ga amfanin falke ya riƙe irin wannan ba. Idan kun iso shinge da dare, haske ƙasa, a kan takardunku, ba a fuskar ma'aikaci ba.

Masu tocilar ƙananan duwatsu na AA, ita ma tana da ranarta, domin ko a wane ƙauye za ka samu Tiger Head. Amma irin waɗannan ba a caja su, kuma idan suka mutu aka bar su ciki sukan zubo da ruwa su ci ƙarfen. Akwai AA masu caji, an rubuta musu NiMH da 1.2V, suna da kyau idan kana da cajarsu. Hattara da wani mai suna 14500: girmansa ɗaya da AA amma 3.7V ne, ka sa shi a tocilar da ba a yi ta dominsa ba ya ƙone ta.

Na ƙarshe shi ne wuta, kuma iyayenmu mata ku ma wannan taku ce. Dutsen litiyam idan ya kama ba ya jin lallashi, mu kuwa da yawanmu a guttiyya muke kwana, rufin ciyawa, ga buhuna a sito. Kada a zuba shi tsirara a aljihu ɗaya da makullai, ƙarfe ya haɗa kai da gindi sai ya yi zafi ya ƙone cinya. A sa shi a 'yar robarsa ko a naɗe bakinsa da salatif. Wanda rigarsa ta yage, ko ya lotsa, ko ya yi zafin da ba a iya riƙewa lokacin caji, ya gama aiki. Kada a bar shi gaban gilashin mota a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Kada a yi caji a kan katifa ko kan buhu a tafi barci, a ɗora a ƙasa ko a faranti. Wanda zai daɗe a ajiye a bar shi da rabin caji, a inuwa. Matacce kuma kada ya shiga sharar da za a ƙona, kada yara su mai da shi abin wasa. Ku kawo mini shago, ina tara su a tulun yashi.

Shugaba, ina da roƙo ɗaya ga kwamiti. A sayi ƙaramin sikeli na giram da 'yar na'urar gwada dutse guda ɗaya a ajiye a ofishin ƙungiya, duk ɗan ƙungiyar da zai sari kaya ya kawo samfur a gwada masa kyauta. Ni na ɗauki nauyin sikelin, kuma zan zauna duk ranar Asabar bayan la'asar in nuna wa yaranmu yadda ake yi. Na zo da duwatsu biyu, na gaske da na jabu, suna kan teburin nan. Kafin a kawo abinci kowa ya zo ya ɗaga su a hannu.

Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kai matafiyanmu gida.