Itacen Girki da Makomar Dazukanmu

 Akasarin gidajen Nijeriya da itace ko gawayi suke girki, har da ku mazauna birni, dazukanmu kuwa sai ƙarewa suke yi. Man fetur in an ƙona shi ya tafi ke nan, amma bishiya tana sake tohowa muddin ba a tumɓuke kututturenta ba. Tun shekarun 1980 manoman Maradi suke barin 'yan rassa a kututturen gawo da kalgo su girma, suna sare sauran domin murhu, har gonakinsu suka sake cika da itatuwa. Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa ba su rasa irin waɗannan kututture ba. Ina roƙon kowannenku ya sa a raya guda goma a gonar gidansu bana. Allah Ya ba mu iko, amin.