Jawabin Ƙaddamar da Ƙungiyar Matasa Masu Nazarin Taurari a Mai Wurno

 

Ilimin falaki, wato nazarin tafiyar rana da wata da taurari bisa lissafi, ba baƙo ba ne a garin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa a gaɓar kogin Shuɗin Nilu a Sudan bayan rasuwar mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, domin ayarinsa da ya keto sahel da ƙafa ya san Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta tun kafin ya san sunayen garuruwan da ke gabansa. Har gobe manomin yankin Jazira yana lissafin damina da manziloli, wato masaukan wata guda 28 masu kwana 13 kowanne, ban da Jabha mai kwana 14, yana duban gabas da asuba kafin ya saɓi fartanya. Wannan lissafi ne tsantsa, babu ruwansa da bokanci.

Abin da al'umma ta rasa shi ne na'urar hangen nesa da kuma tudun da za a kafa ta. Ana gina cibiyoyin hangen taurari a kan duwatsu ne saboda a can ƙura da tururi sun ragu, hasken fitilun gari kuma bai dushe sararin sama ba. Habasha, inda kogin Shuɗin Nilu ya samo asali, ta kafa irin wannan cibiya a dutsen Entoto kusa da Addis Ababa, mai tsayin kusan mita 3,200, da na'urori biyu masu madubi mai faɗin mita ɗaya.

Sudan kuwa ta ga amfanin irin wannan aiki da idonta. A ranar 6 ga Oktoban 2008 masanin taurari Richard Kowalski, yana aiki a dutsen Lemmon da ke Arizona a Amurka, ya hango wani ƙaramin dutse yana nufo duniya, aka lissafa inda zai faɗo, washegari da asuba kuma ya tarwatse a saman hamadar Nuba kamar yadda lissafin ya nuna. A watan Disamba ɗaliban Jami'ar Khartum, tare da malaminsu Mu'awiya Shaddad, suka jeru sahu guda suna takawa a hankali, idanu a kan yashi, har suka tsinto baƙaƙen gutsattsarinsa kusa da Tasha ta Shida ta jirgin ƙasa. Abin lura shi ne a kan wannan dutse na Lemmon akwai shirin da ke karɓar 'yan makaranta da masu yawon buɗe ido su kalli sama da dare.

Tudun da ake fatan kafa na'urar a kai, wato dutsen Jabal Moya da ke yamma da Sennar, bai kai Entoto tsawo ba, yaƙi kuma ya taɓa shi a 2024, amma darensa mai duhu ne, hanya kuma tana kaiwa gare shi, ƙaramar na'ura ma za ta ishe shi mafari. Da ita yaro zai ga ramukan wata da zoben Zuhalu, malamai su sami mataimaki wajen neman jinjirin watan azumi, baƙi kuma su kawo ciniki ga ƙauyukan da ke gindin dutsen.

Saboda haka ana roƙon attajirai da Jami'ar Sennar da 'yan'uwa mazauna ƙetare su tallafa da na'ura da malami, iyaye kuma su bar 'ya'yansu, maza da mata, su shiga ƙungiyar. Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya sa albarka a wannan ƙungiya.