Kujerar Sanata a Hannun Gwamnan da Ake Tuhuma

Tun 1913 kundin tsarin mulkin Amurka ya ba jihohi damar bar wa gwamna naɗa sanatan riƙon ƙwarya idan kujera ta zama babu kowa. Haɗarin wannan iko ya fito fili a jihar Illinois, bayan Barack Obama ya ci zaɓen shugaban ƙasa a Nuwamban 2008 ya sauka daga kujerarsa ta sanata.

Ranar 9 ga Disamba jami'an FBI suka kama Gwamna Rod Blagojevich, bayan sun naɗi hirarsa ta waya yana neman abin da zai samu a madadin kujerar. Tuhumar ba ta ƙwace masa ikon naɗi ba, nan kuwa gizo ke saƙa. Kafin watan ya ƙare ya naɗa Roland Burris. Majalisar Dattawa ta fara ƙin karɓarsa, amma da yake naɗin bai saɓa doka ba, aka rantsar da shi ranar 15 ga Janairun 2009. Mako biyu bayan haka majalisar jihar ta tsige gwamnan, a 2011 kuma kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 14.

A Kodebuwa tsarin daban yake. Masu zaɓe a Adjamé da Treichville, unguwannin birnin Abidjan, suna kaɗa wa ɗan majalisa ƙuri'a tare da mai maye masa gurbi, wanda ke hawa kujerar idan an naɗa ɗan majalisar minista. Gwamnan Abidjan ba shi da hannu a ciki.