ƘARAMIN RANCE DA MUTUNCIN TALAKA

Jawabi ga hakimai da malamansu

 

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma nauyinsa ba ɗaya ba ne ga kowa. Attajiri ya kan ci bashin dubbai ya kwana yana minshari, talaka kuwa bashin da bai kai kuɗin akuya ba ya kan hana shi barci. Maganar yau a kan ƙaramin rance ce, watau 'yan kuɗin nan da bankuna da ƙungiyoyi ke ba talakawa ba tare da jingina ba, don su ja jari. Za a duba abin da rancen ke yi wa zuciyar mai karɓa, da gidansa, da zamansa da maƙwabta. Ya kamata hakimi ya san wannan, gama sau da yawa a ƙofarsa a ke taruwa ran da za a raba kuɗin, a ƙofarsa kuma a ke kawo ƙara ran da aka kasa biya.

Asalin abin

Cikin shekara ta 1974 aka yi babbar yunwa a ƙasar Bangladash, maƙwabciyar Indiya. A lokacin akwai wani malami, Muhammad Yunus, yana koyar da ilmin tattalin arziki a Jami'ar Chittagong. Ya riƙa shiga wani ƙauye mai suna Jobra da ke gefen jami'ar, don ya ga zaman talakawa da idonsa. A can ya tarar da wata mace mai saƙa kujerun gora. Ba ta da kuɗin sayen gorar, sai wani ɗan kasuwa ya ba ta, da sharaɗin shi kaɗai za ta sayar wa kujerun, a kan kuɗin da ya yanka. Ta wuni tana aiki, abin da ya rage mata bai taka kara ya karya ba. Da aka ƙidaya masu irin wannan hali a ƙauyen sai aka sami mutum 42, jimlar abin da su ke bukata duka kuwa dala 27 ce ta Amurka. Cikin 1976 Yunus ya ranta musu daga aljihunsa, suka kuwa biya.

Daga nan Bankin Grameen ya tsiro, watau bankin ƙauye, ya zama banki sosai cikin 1983. Ga yadda tsarinsa ya ke da farko. Mutum biyar su haɗa ƙungiya, galibi mata. Ba a neman jingina. Ana biya kaɗan kaɗan ko wane mako, a gaban taro. In ɗaya ta kasa biya, sauran ba su samun sabon rance sai an cike. Labari ya bazu duniya, ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, har cikin 2006 aka ba Yunus da bankin kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Abin da aka jinginar

An ce babu jingina, amma in an duba da kyau akwai. Mai gona ya kan jinginar da gonarsa, mai shanu ya nuna shanunsa. Wanda ba shi da kome kuwa, abu ɗaya ya rage masa, shi ne mutuncinsa a idon jama'a. To, shi a ke karɓa. Macen da ta zo taro hannu rabbana ta san maƙwabtanta za su zauna jiranta, kafin la'asar kuma ƙauye duka ya ji. Saboda haka ta kan biya ko da za ta kwana da yunwa. A nan ƙarfin tsarin ya ke, a nan kuma haɗarinsa ya ke. Irin waɗannan bankuna su kan yi alfahari cewa cikin ɗari fiye da casa'in da biyar sun biya. Amma littafin banki ba ya nuna wadda ta sayar da tukunyarta, ko ta rage wa 'ya'yanta tuwo, kafin ta cika kuɗin mako.

Alherin da aka gani

Kada a ɗauka abin duka sharri ne. Binciken da aka buga cikin 1996 a kan matan ƙauyukan Bangladash ya nuna 'yan ƙungiyoyin rance sun fi sauran mata fita neman bukatunsu, da sayen abu da kuɗin kansu, da sa baki cikin shawarar gida. A wani gwaji da aka yi a Kolkata ta Indiya, matan da ke haɗuwa ko wane mako sun fi ziyartar juna da taimakon juna bisa ga masu haɗuwa sau ɗaya a wata. Akwai kuma abin da ba ya aunuwa da mudu. Wanda bai taɓa samun mai amince masa ba, ran da aka rubuta sunansa a littafi aka danƙa masa jari, ya kan ji shi ma mutum ne.

Nauyin zuciya

Cikin 2008 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Afirka ta Kudu. An ɗauki waɗansu da wani kamfanin rance ya ƙi ba su, aka yi ƙuri'a, aka sake duba takardun waɗansu aka ba su, aka bar waɗansu. Bayan 'yan watanni aka koma aka tambaye su. Waɗanda ƙuri'ar rance ta faɗa wa sun fi sauran kukan damuwa da ƙuncin rai, ko da ya ke a cikin maza alamun baƙin ciki mai tsanani sun ragu. Watau rancen ya buɗe wata ƙofa, ya kuma aza wani kaya.

Mene ne damuwa ke yi wa mutum? Cikin 2013 waɗansu masana suka ba da labarin manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Su manoman sau ɗaya su ke samun kuɗi a shekara, bayan sara. Kafin sara suna cikin bashi, da yawa sun kai kayansu jingina. Aka yi musu jarrabawar kaifin hankali kafin sara, aka sake yi bayan sun karɓi kuɗi. Mutanen nan dai su ne, amma sun fi yin kuskure a lokacin ƙunci. Tunanin bashi ya kan cinye wani sashi na hankali, ya bar kaɗan ga sauran al'amura. Saboda haka in an ga mai bashi ya yi shirme, kada a yi saurin ce masa wawa ko malalaci. Zuciyarsa tana wurin ranar biya.

Cikin gida

Rancen da aka rubuta da sunan mace ba kullum ne ya ke zama a hannunta ba. Anne Marie Goetz da Rina Sen Gupta sun bi sawun irin wannan rance a Bangladash, suka buga abin da suka gani cikin 1996. A mafi yawansa maza ne ke juya kuɗin, ko duka ko wani sashi, miji ko ɗa ko wani dangi. Amma ranar biya macen ce a ke nema. In mijin ya yi hasara, ita ke shan kunya a taro, ta komo gida a yi rigima.

Wata malama 'yar ƙasar, Lamia Karim, ta rubuta littafi cikin 2011 a kan wannan al'amari. Ta ba da labarin yadda 'yan ƙungiya ke zuwa gidan wadda ta kasa biya, su kwashe tukwane da dabbobi, wani lokaci har su kware kwanon ɗaki su sayar. Masu yin haka ba baƙi ba ne. Maƙwabta ne da a da su ke aron gishiri a wurin juna. Tsoron kada a hana su nasu rancen ne ya mai da su 'yan karɓar bashi.

Abin da ya faru a Andhra Pradesh

Inda abin ya fi muni shi ne jihar Andhra Pradesh ta Indiya. Kamfanonin rance masu neman riba suka yi yawa, suna rige-rigen samun masu karɓa. Gida ɗaya sai ya ci bashin kamfani uku ko huɗu, a karɓa nan a biya can. Tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Masu karɓar bashi suka riƙa zama a ƙofar gidaje suna tozarta mutane a gaban 'yan unguwa. Cikin 2010 gwamnatin jihar ta ce fiye da mutum 80 sun kashe kansu cikin 'yan watanni bayan sun kasa biya. A watan Oktoba na shekarar ta kafa doka, ta hana bin mutane gida gida, ta mai da biya wata wata, a wurin da hukuma ta sani. Jama'a da yawa suka daina biya gaba ɗaya, kamfanoni suka durƙushe, har masu gaskiyar da ke amfana da rancen suka rasa mai ba su.

Hukuncin masana

Cikin 2015 aka tara sakamakon manyan gwaje-gwaje shida da aka yi a Indiya, da Habasha, da Maroko, da Meksiko, da Mongoliya, da Bosniya. Abin da suka nuna shi ne ƙaramin rance yana da ɗan amfani, amma bai fitar da yawancin masu karɓa daga talauci ba. Waɗanda suka fi cin moriyarsa a Indiya su ne masu sana'a tun da fari. Kayan aro ba ya rufe katara.

An kuma gane cewa lokacin biya yana da muhimmanci ƙwarai. A wani gwaji a Kolkata, da aka bar waɗansu mata su riƙa biya kusan wata wata maimakon mako mako, masu kukan fargabar biya sun ragu da kusan rabi, rashin biya kuwa bai ƙaru ba. Shi kansa Bankin Grameen, bayan babbar ambaliyar 1998, ya sake tsarinsa, ya ba da damar a ɗaga wa wanda masifa ta sama.

Aikin hakimi

Wannan tsari ya iso Nijeriya tuni. Cikin 1989 aka kafa Bankin Jama'a bisa koyi da Grameen, daga baya aka haɗe shi da bankin manoma cikin 2000. Cikin 2005 Babban Bankin Nijeriya ya fito da ƙa'idojin ƙananan bankunan rance. Mutanen ƙasar nan kuwa ba su ɗauki bashi da wasa ba. A wurin jana'iza ma a kan yi shela a nemi masu bin mamaci. Ga kuma maganar kuɗin ruwa, wadda ke ƙara wa mai tsoron Allah wani nauyin a zuci. To, in masu ba da rance suka shigo ƙasar hakimi, ga abubuwa shida da ya kamata a lura da su.

1. A karanta wa jama'a sharuɗɗan da Hausa a bainar jama'a: nawa za a ba mutum a hannu, nawa zai mayar duka duka, yaushe.

2. A tambayi mai karɓa sana'ar da zai sa kuɗin. Wanda yunwa ko ciwo ya koro, taimako da zakka ya ke bukata, rance sai ya ƙara masa ciwo.

3. A nemi lokacin biya ya dace da lokacin samu. Mai ƙosai tana samu kullum, manomi kuwa sai da kaka. In an ce ya biya da damina, an tura shi ya sayar da akuyarsa ko hatsin iyalinsa.

4. Malamin hakimi ya lura da gidan da sunansa ya fito a takardun masu rance biyu ko uku, ya sanar da hakimi a asirce tun abin bai yi nisa ba.

5. In rancen da sunan mace ne, a binciki wanda zai juya kuɗin. In miji ne, ya fito ya ɗauki nauyin a gaban shaidu.

6. Kada a yarda a tozarta kowa, ko a kwashe kayan ɗakinsa ba da hukuncin alƙali ba. Wanda gobara ko fari ko rashin lafiya ya karya, a nema masa jinkiri. Addini ma ya yi horo da haka. Mai taurin bashi da gangan kuwa hukuncinsa dabam ne, a bambanta su.

In wakilin banki ya zo yana murna cewa mutanen ƙasar hakimi duka sun biya, ya kamata hakimi ya taya shi murna, sa'an nan ya aiki dagatai da masu unguwa su bincika yadda aka yi aka biya. In daga ribar sana'a ne, madalla, a ƙara musu. In kuwa an sayar da tukunya da akuya ne, ko an ci wani bashin, to, banki ya sami kuɗinsa, amma ƙasar hakimi ce ta yi hasara.

Allah ya taimaki hakimai bisa riƙon amanar talakawa, amin.