Wuyan Kaza da Kamun Ƙaguwa

A gaɓar ruwan Chesapeake da ke jihar Maryland ta Amurka, mai kamun ƙaguwa don nishaɗi ba ya buƙatar jirgi ko ƙugiya. Igiya, ɗan ƙarfe mai nauyi, koma mai doguwar ƙota, sai wuyan kaza da za a ɗaura a igiyar a jefa ruwa. Ana zaɓar wuyan ne saboda arha da tauri: ƙaguwa na bin ƙamshinsa, ta riƙe, ta kasa yage shi nan take. Igiya na miƙewa, sai a ja sannu a hankali, a zura komar ta ƙarƙashinta. Gaggawa ke sa ta saki.

Dokar jihar ta hana masu kamun nishaɗi ɗaukar macen ƙaguwa. A mayar da ita ruwa, domin ita ce ƙaguwar baɗi.